Kafin a Fara Kiranki Mama

Ranar da za a fara kiranki Mama tana nan tafe, kuma ta fi kusa fiye da yadda kike zato. Shekarunki ashirin da biyar, wataƙila ko haihuwar fari ba ki yi ba, amma tsohuwar da ta yi jika da ke za ta rusuna a ƙofar gida ta ce, "Mama, ina kwana?" Dalili kuwa ke ce matar fasto, ko ke ce malamar da gunduma ta turo. Za ki ji wani iri, ki yi dariya, ki ba ƙannenki labari. Abin da ba za ki gane ba sai an jima shi ne, tun daga ranar an ɗaure miki baki. Wadda mijinta ya daina kwana a gida za ta zo wurinki. Wadda ta yi shekara tara ba haihuwa za ta zo. Yarinyar da ta yi ciki tana tsoron horon ikkilisiya, ke za ta fara samu da dare. Kowa da kukansa, kuma duk a cinyarki za a zube shi. To ke fa, ina za ki kai naki?

Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki biro domin ku ƙannena da 'ya'yana da ke karatun aikin Ubangiji a yanzu, ko a Kagoro kuke, ko Gindiri, ko Bukuru, ko Kwarhi, ko Donga, ko kuma ɗaya daga cikin ƙananan makarantun Littafi Mai Tsarki na Hausa da ke ƙauyuka, waɗanda ba a jin sunansu amma su suka fi cika majami'un karkara da ma'aikata. Kun je neman ilimi da takardar shaida, kuma daidai ne. Amma ina so ki sani, makarantar nan ita ce wuri na ƙarshe da za ki zauna a tsakanin sa'o'inki ba ki fi kowa ba, ba wanda yake jiran ki zama misali. A nan ne kaɗai za ki faɗi jarrabawa ki yi kuka a gaban wata, ki ce yau ba ki ji daɗin addu'a ba, ba wanda zai ɗauki maganar ya kai gaban dattawa. In kin fita da takarda ba ki fita da ƙawa ba, rabin guzurinki kika bari a ɗakin kwana.

Kada ki ce ai za ki yi ƙawaye a wurin aiki. Za ki sami masoya, wannan babu shakka. Matan ikkilisiya za su kawo miki tsaba da kaji, su yi miki wankan jego. Sai dai akwai iyakar da ba ta ƙetaruwa. Ki gaya wa uwar zumunta cewa wata uku ke nan ba a biya Baba Fasto albashi ba, ke kina ganin hira kika yi, kafin Lahadi maganar ta zama rigima tsakanin ma'aji da dattawa. Ki saba shiga gida ɗaya, a ce Mama ta zaɓi ɓangare. Ki je sunan wance ki kasa zuwa na wance saboda zazzaɓi, sai an shekara ana tuna miki. Ga kuma canjin wurin aiki: kin fara sabawa ke nan takarda ta zo, a ɗaure kaya a mota a nufi inda ba ki san kowa ba. Wadda za ki iya buɗe wa ciki ba tare da tsoro ba ita ce wadda take ɗauke da irin kayanki a wani gari dabam, wadda ta san ki tun kina cin garin kwaki da ƙuli a ƙarshen wata.

Wace iri ce za ki nema? Yawancinmu mukan bi inda jini ya haɗu: wadda hirarta ta yi mana daɗi, wadda muke dariyar abu ɗaya. Ban hana ba, dariya ma abinci ce. Amma ƙawar hira dabam, ƙawar aiki dabam, kuma ta biyun ce take daɗewa. Ki lura da yadda Littafi Mai Tsarki yake ambaton mata biyu-biyu ko uku-uku, kusan kullum a bakin wani aiki za ki same su. Shifra da Fu'a, ungozomomin nan na farkon littafin Fitowa, tare suka ƙi bin umarnin Fir'auna na kashe jarirai maza, tare kuma suka tsaya a gabansa da aka kira su. Ina shakka in ɗaya za ta iya ita kaɗai. A Luka sura 8 ga Maryamu Magadaliya da Yuwana matar Kuza da Suzana, suna ɗaukar nauyin tafiyar Yesu da almajiransa daga aljihunsu. Ki dubi bambancin da ke tsakaninsu: ɗaya an fitar mata da aljanu bakwai, ɗaya mijinta babban ma'aikaci ne a gidan sarki Hirudus. A zaman duniya na yau da kullum ko tabarma ɗaya ba za ta haɗa su ba. Aiki ne ya haɗa su, kuma ki duba sura ta 24, za ki ga Maryamu da Yuwana suna tare har safiyar tashin Ubangiji.

Amma waɗanda na fi so in yi miki magana a kansu su ne Afodiya da Sintiki, na Filibiyawa sura 4. Ikkilisiyar Filibi da ma a hannun mata ta fara. Bulus bai tarar da majami'a a cikin garin ba, sai ya fita bakin kogi ranar Asabar ya iske mata sun taru don addu'a, cikinsu har da Lidiya mai sayar da tufafi masu tsada, wadda daga baya gidanta ya zama masaukin masu bi. A irin wannan ikkilisiya, mata biyu da Bulus da kansa ya shaida cewa sun yi fama tare da shi a aikin bishara ba ƙananan mutane ba ne. Su ne irin waɗanda yau za mu kira shugabannin mata. Sai ga shi sun ɓata, ɓacin da labarinsa ya kai har kurkukun da Bulus yake. Ki tuna wasiƙar nan a gaban jama'a aka karanta ta. Ki ƙaddara kina zaune a sujada, mai karatu ya kira sunanki da na wadda ba kwa ga maciji.

Abubuwa uku nake ɗauka a wurin. Bulus bai faɗi abin da ya haɗa su ba, har yau ba wanda ya sani, kuma ina jin da an faɗa da mun ji kunya a madadinsu, don irin wannan faɗa ba kasafai yake da tushe mai nauyi ba. Bai ce wance ce da gaskiya ba. Kowacce ya roƙe ta da sunanta, daidai wa daida. Sannan bai bar su su biyu ba, ya sa wani na uku ya shiga ya taimake su. Kuma kafin wani ya ce ai halin mata ke nan, a tuna masa Bulus ɗin da kansa sun rabu da Barnaba baram-baram a kan Markus, kowa ya kama hanyarsa. Faɗan ma'aikata ba shi da jinsi.

Na daɗe a kan wannan aya don ni ma na taɓa zama ɗaya daga cikinsu. A shekararmu ta ƙarshe a makaranta, akwai wadda muke ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya, har ana kiranmu Hassana da Usaina. Ni ce mai baki a aji, ita kuwa shiru-shiru ce, sai ta yi ta juya magana a ciki kafin ta furta. Da aka tashi taron Zumuntar Mata na gunduma, aka aiko makaranta a ba da ɗaliba ɗaya da za ta yi koyarwa. Ni har na fara tsara abin da zan faɗa. Sai aka kira sunanta. Ban zage ta ba, ban yi gulmarta ba, abin da na yi ya fi wannan wayo. Na ce mata na taya ta murna. Da ta roƙe ni in duba mata abin da ta rubuta, na ce kaina yana ciwo. Littafin da na san zai taimake ta, na mayar da shi ƙasan akwati. Ranar taron na zauna can baya ina ƙirga inda harshenta ya sarƙe. Ta yi koyarwa mai kyau, mata suka yi ta guɗa, ni kuwa kamar an zuba mini barkono. Muka yi kusan wata biyu muna gaisuwar fatar baki, kowa ta koma dafa nata.

Wadda ta raba mu da wannan hali ba malama ba ce. Wata dattijuwa ce a makarantar matan ɗalibai, matar wani mai bishara da ya dawo ƙaro karatu da furfurarsa, wadda da kyar take haɗa baƙi. Ba ta yi mana wa'azi ba, ba ta tambayi abin da ya faru ba. Wata Asabar ta kira mu ta ce akwai mara lafiya a wani ƙauye, tafiyar awa biyu a ƙasa, ƙafarta ba za ta kai ta ba, mu je mu gaishe ta a madadinta. Ta haɗa mana kaya ɗaya, buhun masara da galan na man gyaɗa, yadda dole sai dai mu riƙa karɓar juna. Awa ta farko ba wadda ta ce uffan sai "karɓi" da "kawo". Muka isa, muka tarar da matar kwance ba mai ɗebo mata ruwa. Ɗaya ta yi shara, ɗaya ta hura wuta, muka yi mata wanka tare. A hanyar dawowa ne bakina ya buɗe, na gaya mata zancen littafin da na ɓoye. Ta ce ta sani, ta gan shi ranar da nake neman zane. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ni a ranar na gane har da sulhu ma.

Ba don in wanke kaina ba, amma kishin nan yana da dalili, kuma gara ki san shi tun yanzu. Kujerun da aka ware wa mata a ikkilisiyoyinmu kaɗan ne. Yawancin manyan ikkilisiyoyin arewa ba sa keɓe mace ta zama fasto, ko da yake Lutheran ta Numan tana yi. Ba muhawarar da na zo yi ke nan ba, tana da nata lokaci. Abin da nake nuna miki shi ne, namijin da kuka gama aji ɗaya ya san akwai majami'a tana jiransa, ku kuwa ku goma kuna kallon gurbi biyu ko uku: shugabar mata ta gunduma, malama a makarantar mata, wataƙila ofishi ɗaya a hedikwata. In kuka zuba wa kujerun nan ido, dole kowacce ta ga 'yar'uwarta a matsayin kishiya. Amma aikin ya fi kujerun yawa nesa ba kusa ba. Makarantar Lahadi tana hannun yara matasa da ba a koya musu komai ba. 'Yan Birged da 'yan FCS a makarantun sakandare suna neman wadda za ta zauna da su. Ga asibiti, ga ɓangaren mata a gidan yari, ga gwauraye da marayun da rikici ya bari, ga ajin koyon karatu na manya. An gama fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, amma har yau akwai matan da suke riƙe shi a sujada ba su iya buɗe Zabura da kansu ba. Duk wanda ya leƙa wannan gona ya san mutum ɗaya ba ta nome ta, kuma wadda ta fi ki baiwa taimako ce aka aiko miki.

Akwai katanga biyu da nake gani a makarantunmu, kuma ɗalibai ne suke gina su da hannunsu. Ta farko ta yare ce. Burawa da Margi a gefe, Angasawa da Birom a gefe, Tangale da Waja, Jaba da Kaje da Gwari, ga 'yan'uwanmu Hausawa daga ƙasar Kano da Katsina waɗanda sau da yawa su ne 'yan tsiraru har a cikin masu sujada da harshensu. Ba laifi ba ne ki ji daɗin yarenki, nonon uwa ne. Laifin shi ne ku uku kuna zaune, biyu su juya harshe su bar ta ukun tana kallon bango. Ko zancen miya kuke yi, ita ta ɗauka da ita ake. Kuma ki tuna ba lalle a tura ki cikin mutanenki ba; ƙawar da ta fito daga wata ƙabila ita ce makarantarki ta farko a kan yadda ake zama baƙuwa.

Katanga ta biyu ta fi ba ni haushi. Ita ce tsakanin masu karatun difloma da digiri da Turanci, da matan ɗalibai da ke ajin Hausa suna koyon karatu da ɗinki da saƙa, goyo a baya. Na ga 'yan mata suna wuce su kamar ba su ga mutane ba. 'Yata, matar nan da kike rainawa ta yi shekara goma sha biyar a ƙauyen da ba rijiya, ta karɓi haihuwa da fitilar kwai, ta binne ɗa, ta sulhunta kishiyoyi, ta san abin da ake faɗa a gidan makoki da abin da ba a faɗa. Ke kin san Helenanci, ita ta san mutane. Ki je ki riƙe mata jariri ta yi aikin gida, ki taya ta haɗa baƙi, ki saurara. Na riga na gaya miki wadda ta gyara ni.

Kuɗi da asiri, su ne suka fi kashe ƙawance, kuma maganarsu ba ta da tsawo. In kin ranta, ki biya ranar da kika ce, ko ki zo da bakinki ki nemi ƙarin lokaci kafin a tambaye ki. In kun shiga adashi, wadda ta kwasa da fari kada ta fara ciwon mantuwa. Asiri kuwa, mu masu bi muna da wata hanyar tona shi da ba ta kama da gulma: "'Yan'uwa, mu sa wance cikin addu'a, ba zan faɗi komai ba, amma ita da saurayinta..." An gama da ita ke nan, da amin a kai. Abin da aka gaya miki a ɗaki, Allah ya riga ya ji, ba ya bukatar ki maimaita masa a gaban mutum goma sha biyu. In abin ya fi ƙarfinki, kamar wadda ake duka ko take maganar kashe kanta, ki gaya mata a fili cewa za ku je wurin babba tare, ki riƙe hannunta ku je.

Ki yi hattara kuma da ƙawancen da ya zama ɗaki mai ƙofa ɗaya. Mu da aka kira Hassana da Usaina, daga baya wata 'yar ajinmu ta gaya mini shekara biyu tana son ta zauna da mu ba ta ga fuska ba. Har yau abin yana damuna. Kuma ƙawar da ba ta taɓa ce miki kin yi kuskure ba, ki bincika, ko tsoronki take ji ko ba ta damu ba. Da zarar kin zama Mama, masu gaya miki gaskiya za su ƙare. Kowa zai ce koyarwarki ta yi daɗi ko da rabin mata sun yi barci. Ki saba tun yanzu da wadda za ta ce miki kin yi tsawo, ko ayar nan ba haka take nufi ba, ko yadda kika yi wa yarinyar nan tsawa bai dace ba.

Aikin da aka yi shi cikin tarayya ba ya mutuwa da mai shi, kuma muna da shaida a ƙasarmu. Johanna Veenstra ta iso Nijeriya daga Amurka a 1920, ta zauna a tashar mishan ta Lupwe kusa da Takum. A 1930 Nelle Breen ta zo ta same ta, bayan shekara biyu wasu mata biyu suka biyo, Jennie Stielstra da Bertha Zagers. A 1933 Veenstra ta rasu a asibitin Vom, ba ta kai shekara arba'in ba. Da ta riƙe komai a hannunta ita kaɗai, da an rufe tashar. Waɗanda ta jawo jiki suka ci gaba, yau ga ikkilisiyar CRCN, ga makarantar tauhidi mai sunanta a Donga. A zamaninmu kuwa, a ƙarshen Oktoba na 2014 Boko Haram suka mamaye Kwarhi, hedikwatar EYN da makarantar Kulp, ɗalibai da iyalansu suka watse cikin daji da duwatsu, wasu har Kamaru. A irin wannan rana ba wadda take tambayar wa ta zo ta ɗaya a aji. Tambayar ita ce ƙofar wa za ki ƙwanƙwasa a Yola ko Jos da yara huɗu da tsakar dare, a buɗe miki ba tare da dogon bayani ba.

Ƙawar tawa da muka yi ɗaki ɗaya a makaranta ta auri mai bishara, aka tura su wani ƙauye da sai an hau tudu ake samun waya. Ni na zauna a birni ina koyarwa. Shekaru sun ja, ba kullum muke magana ba, wani lokaci sai a yi wata huɗu. Amma da aka yi mini aiki a asibiti ita ce ta kwana a ƙasa kusa da gadona, kuma in na rubuta darasin da zan koyar a babban taro, har yanzu ita nake fara karanta wa, ita a kan tudunta, ni a ɗakina. Ba ta daina ce mini na cika tsawo ba.

Saboda haka kafin wannan zango ya ƙare, ina roƙonki abu biyu. In akwai wadda kuka koma gaisuwar fatar baki, kada ki jira wasiƙa daga kurkuku; ki nemi wani aiki da ba ya yiwuwa da mutum ɗaya, ki ce ta raka ki. Wadda kuma kika riga kika amince da ita, lambar waya ba ta isa ba, lamba takan ɓace. In an yi hutu ki bi ta garinsu, ki gaida mahaifiyarta, ki kwana biyu, ki san hanyar gidan da ƙafarki.